Ƙafa Huɗu

A bayan Vom ta kunyata ni,
da buhun dankali goma sha ɗaya a cikinta,
ruwan Agusta ya dama hanya ta koma kunu.
Na ja ƙaramar giya, ta ce ƙaras,
koriyar fitila ta hau ƙifta ido kamar magulmaciya.
Tayoyin baya na ta haƙa wa kansu kabari,
na gaba kuwa sun zuba tagumi,
ko a jikinsu, wai an tsikari kakkausa.

Samari shida da igiya suka fitar da mu.
Rabin buhu ya tafi a nan.

Washegari sai Farin Gada.
Dalyop ya fara gaishe ta kafin ni,
ya shafa ƙeyarta ya ce, "Tsohuwa, kina nan?"
Tun Baba na hakar kuza ya san ta,
ya san tarinta na asuba,
ya san ƙofar da ba ta buɗuwa sai da gwiwa.

Ya ce, "Yaushe rabonka da wannan giya?"
Na ƙirga damina a yatsu, na yi shiru.
Ya ce, "Uku? Ƙarfe ma yana fushi."

Aka ɗaga ta a jak, ƙafa huɗu a sama
kamar tunkiya a hannun mai fiɗa.
"Tayar. Sa giya. Saki a hankali."
Farfela na juyawa a ƙasa, tana aikinta,
tayoyin gaba ko motsi.
Ya ce, "To, ciki lafiya lau.
Saƙo ne ke fita, ba ya isa."

Yarinyarsa Kangyang ta zare fis ta duba a rana,
lafiyarsa ƙalau.
Ya kwance noti, mai ya zubo fari-fari
kamar an dama fura da ruwan kwata.
"Wannan ma laifi ne, amma ba shi ne ɓarawon ba."
Ya buɗe hob, giris ya daskare
ya zama ƙanzon tukunyar bara.
Suka wanke da kananzir. Aka sake tayarwa.
Shiru.

Ƙanƙara ta sauko, muka fake ƙarƙashin kwano
muna shan shayi, ba mu jin juna.
Ni ina lissafin kuɗin giyabos a Dilimi,
ina sayar da gonar da ba tawa ni kaɗai ba.

Kangyang ce ba ta fake ba.
Tana kwance kan kwali, tocila a baki,
tana bin wani siririn tiyo da yatsa
kamar mai laluben ƙaya a tafin ƙafa.
Sai ta fito tana dariya, laka har kunne:
"Oga, ɓera ne."

Huji bai kai ƙwayar acca uku ba.
Ta nan iska ke zurarewa,
ta nan umarni ke mutuwa a hanya
shekara nawa, Allah masani.

Tiyo ɗari biyar.
Da aka ɗaura, fitila ta daina gulma ta tsaya cak,
wani abu ya ce ƙwal a gaba,
ƙafa huɗu suka juya tare.
Dalyop bai yi murmushi ba, hannu kawai ya goge:
"Ka riƙa sa ta ko ba laka.
Wata-wata. Don su tuna da juna."

Mu huɗu Baba ya bar wa motar nan.
Ni da Rakiya muke ja,
Sabi'u na Kaduna, Mudi na Fatakwal,
na daɗe ina ce musu matattun tayoyi.

Na tsaya a Gada Biyu, ruwa na ɗiga ta rufi
daidai inda yake ɗiga wa Baba.
Na nemo lambar Mudi.
Ashe kira na ƙarshe tsakaninmu
nasa ne,
kuma ban ɗauka ba.